Gonar Baba Josiah a Gefen Layin Dogo

Ni dai falona nake so. Abin da nake faɗa ke nan wa duk wanda ya tambaye ni ra'ayina a kan jiragen Malam. Mace ta tsufa a ɗakinta, ta sayi kujerunta masu kyau, sannan a ce baƙinta su zauna a tsakar gida saboda jirgin ƙasa ya cinye falo? Ba ma jirgin gaske ba, na wasan yara.

Maigidana, Malam Maiwada, gyaran agogo da rediyo yake yi a Tunga kafin ya bar wa ƙanensa shagon. Aikin reluwe ne ya kawo kakansa Minna, shi kuma a bayan tasha aka haife shi, da kukan jirgi ya yi wayo. Yana ajiye aiki ciwon son jirgi ya tashi. Duk ranar da 'yan gwanjo suka fasa dilar kayan wasa, za ka same shi tsugune cikin mata masu neman 'yartsana, yana tonon tsofaffin jirage na gwangwani, irin waɗanda ake murɗa wa makulli kamar agogon da. Wani ya zo babu taya, wani tsatsa ta cinye masa rabin jiki. Sai ya ɗaura tabaransa ya zauna a kai, ba ya ji ba ya gani, har sai abin ya tashi ya yi tafiya.

Abokin cin mushensa kuwa shi ne Baba Josiah na Sabon Gari. Tun firamare suke tare. Shi ya yi aikin gyaran layin dogo har ya yi ritaya, amma asalinsa ɗan manoma ne daga wajen Kuta. Suka jera alluna a falona suka raba aiki: jirgi da layi da waya na Malam ne, ƙasa da duk abin da ke kanta na Baba Josiah.

Mutumin nan yana da hannu, wannan ba zan hana shi ba. Da takardar buhun siminti da kokon rogo ya tayar da duwatsun Minna, har ka rantse za ka hango su daga unguwar Bosso. Ya yi bishiyoyin mangwaro da soso da waya, ya yi tankin ruwa da gwangwanin tumatir, ya tsayar da mata masu tallar doya da tsinken ashana da ƙyalle. Tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin layi kuwa, a turmina ya daka ta, da rariyata ya tankaɗe. Ranar na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya saurare ni tsaf, ya ce uwargida ta yi haƙuri, sannan ya tambaya ko ina da wata rariyar mai ƙananan ido.

Abin da ya fi ɓata wa lokaci shi ne gona. Allo guda ya ware mata a gefen layi, inda jirgi ke yin kwana. Ya je har gonar mahaifinsa ya ɗebo ƙasa a leda, ya shimfiɗa, ya riƙa tayar da tulin doya ɗaya bayan ɗaya da cokalin shayi, kowane kamar ɓarin goro. Yana yi yana ƙunƙuni da yarensu. Malam yana tsokanarsa wai fasinja ba sa kallon gona, shi kuma yana cewa ai fasinjan da bai ci doya ba ba ya isa Kaduna. Haka suke wuni, musu da shayi da dariya. Ina kicin ina mita, amma gaskiya dariyar nan tana yi mini daɗi, don gidan da 'ya'ya suka watse shiru yake yi.

Ana nan sai ɗanmu Amir, da ke aiki a Turai, ya aiko wa ubansa kwali. Da aka buɗe, sai ga ƙananan gidaje masu jan rufi, da bishiyoyi masu tsini an yayyafa musu farin ƙanƙara, da shanu masu dabbare-dabbare, duk na roba, an gama su tas. Malam ya rikice. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan ya sa wa albarka. Matsalar ita ce babu wuri, don falon ya riga ya cika har bakin ƙofa.

Da na ga yana kwance allon gonar, na ce masa ya jira mai ita ya zo. Ya ce ai na ɗan lokaci ne, kuma Josiah ba baƙo ba ne, ƙasa ce kawai, gobe ma sai ya ɗebo wata. Na sake faɗa, ya yi kunnen ƙashi. Ya kinkimi allon ya kai bayan kicin, ya ɗora a kan tsofaffin bulo ƙarƙashin bakin kwano, ya dawo ya dasa ƙanƙararsa a tsakiyar Minna.

Washegari Baba Josiah ya yi sallama, ya cire takalmi, ya shiga. Ya tsaya yana kallo.

"Maiwada, ina gonar?"

Malam ya ce tana waje, ya shiga nuna masa shanu. Baba Josiah ya yaba shanun, ya ce sun yi ƙiba. Ya tambayi lafiyar Amir. Shayin da na kawo ko taɓa shi bai yi ba, ya ce yana da wani uzuri, ya sa hularsa ya fita. Tun daga ranar bai sake tako gidan ba.

Malam ya sha kunu ya ce shi bai ga laifin da ya yi ba. In na ce ya je ya ba da haƙuri, sai ya ce tsoho da furfura zai yi fushi a kan ƙasa? Na ce to shi da yake wasa da jirgin yara fa, gashinsa baƙi ne? Ya daina kula ni. Sai ya shiga falo shi kaɗai ya murɗa makulli, jirgi ya zaga cikin ƙanƙara ya dawo, babu mai cewa ya yi gudu da yawa a kwana. Har gwanjon ma ya daina zuwa. Na tsani jiragen nan, amma ganin sa zaune shiru haka ya fi ƙona mini rai.

Sai Dorothy, 'yar Baba Josiah da ke koyarwa a Kuta, ta kira ni a waya. Ta ce Mama, albishirinki, Baba ya yarda zai koma wurinta da zama. Ta daɗe tana roƙonsa tun rasuwar mahaifiyarsu yana ƙi, yanzu shi da kansa ya ce ba shi da sauran abin yi a Minna. Ranar Asabar mota za ta zo. Na yi mata murna, amma da baki kawai. Na san tsofaffin nan biyu: in ya tafi a haka, babu wanda zai fara kiran wani har a ɗauki gawar ɗaya.

Da na gaya wa Malam, cewa ya yi Allah ya kiyaye hanya. Tuwon gabansa dai bai ƙarasa ba.

A makon ne damina ta kankama, ana ruwa safe da yamma. Ran Alhamis na zagaya bayan kicin zan zubar da ruwan wanke-wanke, sai idona ya faɗa kan allon. Feshin ruwa ya jiƙa shi, wasu tulin sun ɗan zube, amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Kore na gani. Na ɗauka ciyawa ce, sai na matsa. A kan kowane tuli, daidai tsakiya, ga ɗan tsiro mai ganye biyu, a jere reras, layi bayan layi. Ciyawa ba ta bin layi.

Na ƙwala wa Malam kira. Ya zo yana mita, ya gani. Ya koma ya ɗauko madubinsa na gyaran agogo ya manna a ido, ya tsuguna a cikin taɓo da farar rigarsa. Ya daɗe kafin ya ce riɗi ne. Ya tambaye ni ko ni na shuka. Na ce ni da nake addu'a gara ta cinye allon? In yana son sani ya je ya tambayi mai gona.

Na yafa gyalena na bi shi, don na san in na bar shi shi kaɗai zai sa mai keke ya juyo daga shataletale. Muka tarar da Baba Josiah zaune a kan akwati, an ɗaure katifa, an sauke hotuna daga bango, Dorothy tana naɗe labule. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo mai sanyi, aka tambayi gida da ruwa da ciwon ƙafa. Gaisuwa ta ƙare, Malam ya sake ɗauko ta daga farko. Sai da na taka masa ƙafa.

"Josiah," ya ce, "gonarka ta tsiro."

"Wace gona? Wadda aka zubar?"

"Ba a zubar ba. Fitar da ita aka yi." Ya nuna ƙirjinsa. "Ni na fitar da ita. Ban kyauta ba."

A duk zamana da Malam ban taɓa jin kalmar nan ta fito daga bakinsa ba, har sai da na dubi fuskarsa in tabbatar shi ne. Baba Josiah ya sunkuyar da kai yana juya hularsa. Can ya ce mahaifinsa ba ya barin yaro ya tayar da tuli ya wuce bai sa iri ba, yakan ce wannan raina ƙasa ne. Shi ma hannunsa ya saba, ko a wasa ya kasa. Doya ba za ta shiga ɓarin goro ba, shi ya sa ya riƙa tura ƙwayar riɗi ɗaya a kowane tuli da tsinken tsintsiya. Bai taɓa zaton za ta ga ruwa ba.

Na ce riɗin wa? Ya ɗago ya dube ni, ya ce uwargida ta yi haƙuri.

Dariya ta ƙwace wa Malam, ta kama Baba Josiah, har yana share ido da hula. Turmina, rariyata, yanzu kuma riɗina. Na ce Allah ya isa, amma ni ma dariyar nake yi.

Tare muka dawo da shi. Ya tsuguna gaban allon, nan take ya fara faɗa: rana ba ta isa wurin, ruwan kwano zai kwashe ƙasar, ga ciyawa ta fara leƙowa a tsakanin layi kuma mutum yana gida bai cire ba. Ya karɓi ɗan hantsakin gyaran agogo na Malam ya shiga noma. Dorothy, da ta biyo mu, ta tsaya tana kallon ubanta, sannan ta ce Baba, mai mota fa, jibi ne.

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ki ce masa ya dawo bayan girbi."

Tunda gona ba ta rayuwa a ɗaki, layin dogo ne ya bi ta. Suka kwashe allunan duka suka mayar baranda, jiragen makulli kuwa ba ruwansu da wutar lantarki. Na samu falona, sai dai shanun roba da bishiyoyin ƙanƙara suna kan talabijin ɗina, wai kada Amir ya ji babu daɗi. Riɗi ya tashi ya wuce tankin ruwa, ya wuce duwatsun ma, jirgi yana ratsawa ta ƙarƙashinsa. Malam ya ce daji ne, Baba Josiah ya ce gona ce, musu ya dawo sabo.

Dorothy takan kira ta tambayi girbi. Abin mamaki, duk lokacin da wani gefe ya nuna, sai a ga wani gefen ya fito da sababbin ganye biyu. Damina ta wuce, ana ba gona ruwa da butar shayi, tsiro bai daina fitowa ba. Wata safiya na shiga kicin na kama Malam tsaye da tsinken tsintsiya a hannu, ɗayan hannun cikin gwangwanin riɗina. Muka dubi juna.

Baba Josiah manomi ne, ya san riɗi ba ya shuka kansa a layi. Kullum sai ya tsuguna ya duba sabon tsiron, ya girgiza kai, ya ce bana girbi zai yi nisa. Ni kuma na sauko da gwangwanin daga saman kanta na ajiye shi ƙasa-ƙasa, saboda kafaɗar Malam ba ta son miƙa.