Leda a Ɗakin Baba Gbenu

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba sai yau, ni dai mai karanta na mutane ce. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, ku tsallake kawai. Abin da ya sami Tanyi Sedami ne ya hana ni sakat, ba wai na iya ba ne.

Tanyi Sedami ita kaɗai ta rage a gidansu na gado, cikin tsohuwar unguwa a Porto-Novo, babban birnin ƙasarmu. Da can sai ka tsallake yara kafin ka kai bakin rijiya. Yanzu kowa ya haye gada ya koma Kwatano, inda tashar jiragen ruwa take, ba a ganin ƙeyarsu sai biki ko mutuwa. Ita ce gwaggon dangi, abin da Tanyi ke nufi ke nan, kuma a wuyanta yake ta riƙa yi wa magabatan gidan magana, ta gaya musu an haihu, an yi aure, wane ya sami aiki. Ba sai ta je nesa ba. Suna nan binne ƙarƙashin simintin ɗakunansu, kowa inda ya saba kwana yana da rai. Mahaifinta, Baba Gbenu, yana ɗakin da ya fi kowanne iska, mai taga wajen bishiyar mangwaro.

Da damina santsi ya kwashe ta a bakin rijiya. Nan ta yini kwance, har sai da maƙwabciyarta Viwasi mai sayar da akasa, wani irin tuwon masara, ta leƙo neman garwashi. Washegari ɗanta Mahuton ya iso daga Kwatano, ko zama bai yi ba.

"Mama, magana ɗaya ce. In dangi suka taru ranar ciyar da magabata ba ki sami wanda zai zauna da ke ba, ƙafata ƙafarki. Ko a kafaɗa ne."

"Ka saɓi uwarka kamar buhun masara?"

"In ta kama."

"Wa zai riƙa zuba wa Baba ruwa?"

"Baba ya sha ya ƙoshi, Mama. Ke ce kika yini a taɓo."

Ta san Mahuton, in ya faɗa ya faɗa. Ta sa aka rataya allo a ƙofar gida, cewa akwai ɗaki. Allon ya sha ruwa ya sha rana kafin wani malamin makaranta ya ƙwanƙwasa. Tanyi ta kai shi ɗakin da ya fi kyau, don ai baƙo ba a ba shi na baya. Ta buɗe taga, ta nuna masa faffaɗan simintin da aka zana suna a kai, tana murmushi.

"Ga Baba nan. Ba shi da fitina, ko yana da rai ma ba ya ɗaga murya."

Malamin ya ce bari ya je ya ɗauko jakarsa. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Viwasi ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ke ma dai, Tanyi! Mutum ya zo neman wurin kwana, kin haɗa masa da abokin kwana."

"Girmama shi na yi."

"Ya kuwa girmamu, har da gudu. A Kwatano wa ke tambayar baƙo ɗan wa ne? A miƙa masa makulli, shi ke nan. Mu nan sai mun tambayi kakansa, sannan mu gabatar masa da namu. Ba ki ganin ma'aikata? Su shigo da safe, kafin la'asar sun haye gada kamar ana korarsu. Wai babban birnin ƙasa! Babba irin tsohuwar da ake gaisarwa a tsaye."

"To yaya zan yi? Ɗakunan da ba kowa a ƙasansu rufinsu ya zube. Dangi sun ce ba a taɓa su sai kowa ya hallara."

"Kowa zai hallara ranar jana'izarki." Viwasi ta rage murya. "Leda, Tanyi. Irin mai zanen furanni. A shimfiɗa bango zuwa bango, a ɗora gado a kai."

Tanyi ta zage ta, ta ce bakin mai akasa ya fi tukunyarta baƙi. Amma ranar kasuwa ta dawo da naɗin leda a bayan ɗan acaɓa. Ta shiga ɗakin ta rufe ƙofa, ta durƙusa, ta zuba ɗan ruwa a kan siminti.

"Baba, bargo na sayo maka," in ji ta. Ba ta jira ta ji yadda zuciyarta za ta ɗauki maganar ba, ta ja leda ta rufe.

Ba a daɗe ba sai ga Bona. 'Yar arewacin ƙasar ce daga garin Nikki, Musulma, ma'aikaciyar jinya da aka turo wani asibiti a garin. Abokan aikinta duk a Kwatano suke kwana, sun ce mata ba a zama a Porto-Novo, ba abin da ke motsi sai ƙadangaru. Ita kuwa ta gwada hanyar ta ga ba za ta iya ba, hayaƙin babura na sa ta ciwon kai. Ta shiga ɗakin, iska ta buso ta wajen mangwaro, ta lumshe ido.

"Mama, nan ya yi mini."

Tanyi ta buɗe baki za ta tambayi 'yar wa ce, ta tuna da Viwasi, ta miƙa makulli.

Gida ya farfaɗo. Bona ta hana ta zuwa rijiya, ita ke jan ruwa kafin ta fita aiki. Takan auna mata jini ta yi mata faɗan gishiri. Ran da ba ta aiki sai ta kirɓa sakwara da miyar gyaɗa da cukun arewa, Tanyi ta ce wannan ba abinci ba ne, roba ce, tana faɗa tana miƙa kwano a ƙara. Mahuton ya zo ya gani, ya koma Kwatano ya bar ta a gidanta.

Wata rana da la'asar Tanyi ta zo wucewa, ƙofar ɗakin a buɗe. Bona ta ja gadon ta mai da shi ɗaya bangon don ta sami filin fuskantar gabas. Sallayarta na shimfiɗe daidai inda Baba yake, ta kai goshinta ƙasa. Tanyi ta san tsawon wurin da faɗinsa ko idonta a rufe. Ta kuma zauna da Musulmin garin tun tana yarinya, ta san ba sa salla a kan kabari. Ta tsaya riƙe da tsintsiya har Bona ta sallame.

"Mama, lafiya? Kina son wani abu?"

"A'a. Na ce ko kin ga wuƙata."

Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Kullum sai ta ce gobe za ta faɗa, goben ta zo ta ji ƙarar guga a rijiya, Bona na waƙa da harshensu, sai ta haɗiye. Haka har ranar ciyar da magabata ta matso. Ta tambayi Bona cikin dabara, Bona ta ce ranar tana aiki har magariba. Tanyi ta ji kamar an sauke mata dutse: a yi a gama, a wanke, a mai da leda.

Dangi suka cika gida tun hantsi, da motocinsu da anko da zakara da kwalaben giyar sodabi. Daa Ahuansu, shugaban dangi, wanda shi ma a Kwatano yake zaune, ya zauna kan kujerarsa yana fifita. Tanyi ta gwada sa'arta.

"Daa, bana mu yi a tsakar gida. Baba yana ji daga nan."

"A tsakar gida? Kare za mu ba abinci? Tanyi, buɗe ɗaki."

Ta ɗauko ɗayan makullin da ta ɓoye. Samari suka fitar da gado, suka naɗe leda, wata ta ɗauki sallayar ta rataya a ƙofa. Aka ajiye dafaffen wake da manja a kan siminti, aka zuba ruwan garin masara da sodabi, aka yanka zakara. Tanyi ta durƙusa ta fara kiran sunaye, dangi na amsawa suna tafa hannu a hankali.

Ba ta ji shigowar Bona ba. Shirun da ya taso daga bakin ƙofa ta ji. Ashe Viwasi ce ta yi suɓul da baka tun jiya cewa akwai taro a gidan, Bona kuwa ta roƙi abokiyar aiki ta karɓe ta, don ta zo ta taya Mama girki. Tana tsaye da farin kayan aikinta, da ƙullin tumatir a hannu, tana duban jini da manja, da sunan da ke zane a ƙarƙashinsu.

Daa Ahuansu ya washe baki. "A'a, ke ce baƙuwar tamu? Ke ce kike kwana da Baba? Matso, 'yata, matso! Jikokinsa ma ba su sami wannan gata ba. Ku ba ta wuri ta gaishe shi."

Bona ba ta dube shi ba. Ta sa hannu ta cire sallayarta daga ƙofa, ta rungume.

"Mama."

"Na'am."

"Kin ga inda nake salla?"

Tanyi tana iya cewa ba ta lura ba, tsohuwa ce, ido ya yi rauni. Ta ga Viwasi a bayan mutane tana ƙifta mata ido.

"Na gani."

"Tun yaushe?"

"An jima."

"Da kin faɗa mini, da a baranda zan kwana har a gyara wani ɗaki. Wallahi da na zauna." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye tumatirin a kan taga, ta shiga haɗa kayanta.

"Me aka yi mata?" Daa ya tambayi na kusa da shi. "Mutanen arewa da saurin fushi!"

"Daa, don Allah ka yi shiru," in ji Mahuton.

Tanyi ta bi ta har ƙofar gida tana ɗingishi. Ta so ta ce ga ɗakinta nata, su yi musanya, sai ta tuna mahaifiyarta na ƙarƙashinsa. Bona ta tsai da ɗan acaɓa, ta ce masa tashar motocin Kwatano. Kafin ta hau ta juyo.

"Ƙwayar safe, fara ce, kada ki haɗa ta da ja. Kuma ki rage gishiri."

Babur ya sha kwana. A ciki an fara raba wake, yara na rigimar cinyar zakara. Mahuton ya fito ya tsaya kusa da uwarsa, ya daɗe yana wasa da makullin mota.

"Mama, ki ɗauki na sawa kawai. Sauran zan aiko."

Ba ta yi gardama ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta dubi jan bangon gidan, ta dubi layin da ba kowa sai akuya.

"Ɗakin da za ka ba ni, wa ke ƙasansa?"

"Ba kowa, Mama. Bene ne. Mai gyaran waya ne a ƙasa."

"To da wa zan riƙa magana?"

Ni kuwa, 'yar maƙwabtansu, ina raɓe a jikin ƙyaure da kwanon waken da aka ba ni in kai wa kakata, na ga ba wanda ya lura da ni. Na riƙe takalmana a hannu, na bi ta bayan mangwaro na fice.