Takobin Cikin Rumbu

Duk Jega babu wanda bai san motar Sabo Direba ba, in dai za a kira wannan tsohuwa mota. Wani Bature mai awon ƙasa ne ya sa aka kafa mata gado da akwatin kwanuka a ciki. Da zai koma garinsu sai ya bar wa Sabo, ladan shekara tara da ya yi yana tuƙa shi. Sabo ba gona, ba gida. Cikinta yake kwana da matarsa Hindu, ranar kasuwa ya jingine gado ya loda albasar Aliero.

Ran nan a gangaren gulbi matakin birki ya karye masa kamar busasshen kara. Allah ya kiyaye, tsamiya ta tare su. Labari kuwa ya fi motar gudu. Kafin la'asar Baturen hanya ya aiko tafinta: kwana bakwai, in birki bai kama ba za a kwance ta a kwashe ƙarafan.

Sabo ya kai guntun ƙarfen kanti. Akawu ya jujjuya shi yana yatsina, ya ce sai an aika Ikko, wata huɗu, in ma ana yin irinsa har yanzu.

"Wata huɗu? To mu kwan bisa icce ni da iyalina?" in ji Sabo. Ya fizge abinsa, ya hau jakin aro sai Maiyama, wajen Labbo maƙeri, tsoho mai baƙar magana.

Labbo ya duba, ya ce, "Ƙira ba ta gagara ta, yaro, ƙarhe na babu. Na hauya in ka taka shi sau ukku shi lanƙwashe. Kawo min ƙarhe mai zucciya."

Sabo kuwa ya san inda irin wannan ƙarfe yake. A Aliero, ƙarƙashin geron rumbun uwarsa Uwani, akwai takobin ubansa naɗe cikin tsumma tun shekarar da Turawa suka bi gari gari suna karɓar makamai.

Da ya faɗa mata, tsohuwa ta ajiye mazarinta. "Ubanka bulala goma sha biyu yas sha bai hwaɗi inda shike ba. Kai ko yau ka kai a riƙa taka shi da ƙahwa?"

"Inna, don kada su amshe yaɓ ɓoye shi. Yanzu ɗakina suka son amshewa. Ki bari shi yi yaƙin da bai samu yi ba."

 Tsohuwa ta tashi ta jingina masa tsani da kanta.

Ranar da Labbo ya cusa takobin cikin wuta, Sabo juya baya ya yi. Ya yi kuka, kuma bai ɓoye ba, don shi ke nan abin da uban ya bar masa. Kwana biyu ana duka ana ninkawa, har ya fito daidai da guntun da ya karye.

Ran kwana bakwai rabin kasuwa ta taru a bakin gangare. Baturen hanya ya hau da kansa, ya saki mota, ya danna birki da takalminsa iya ƙarfinsa. Ta tsaya cak. Ya sake har sau uku, fuskarsa ta yi ja, ƙarfe ko gezau. Ya leƙa ƙasa, ya sa tafinta ya tambayi wane kanti aka samo shi.

Sabo ya gyara hularsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Hwaɗa mai takobin ubana na. Shekara talatin suna biɗatai, yau ga shi ƙarƙashin ƙahwatai. In yana iyawa shi ɗauka."

Tafinta ya juya, ya ce wa Bature ƙirar gida ce. Amma kasuwa ta riga ta ji. Hindu kuwa ba ta jira Bature ya gama saukowa ba, ta ratsa ta gabansa da tukunyarta ta shige ɗakinta.