Wa Zai Zama Bawa?

Wilner Dorsainvil, malamin tarihi, na tsugune yana shafa wa sarƙar kwali baƙin fenti sai ga Madam Lafontant ta faɗo ajin, turarenta ya riga ta isowa.

"Malam, ɗana ka sa ya fito a bawa? Dube ni da kyau. Mun yi maka kama da masu saran rake?"

Ba ita ce ta farko ba. Yau makarantar, wadda ta fi kowace tsada a birnin Cap-Haïtien, take wasan tunawa da ranar da bayi suka fatattaki sojan Faransa daga Haiti. Kowa na bugun ƙirji da kakannin da suka tsinke sarƙa, amma ba mai son a ga ɗansa a cikinta, ko da ta kwali ce. Abin da ake rububi shi ne rigar janar ɗin Faransa mai maɓallan zinariya, wato rigar wanda aka kora. A kanta wasu iyaye har sun daina gaisawa a coci.

"Madam, in babu bayi, wa zai yi tawayen?"

"Kai ta shafa. Ba kai ka karanta tarihi ba?"

Ya kai kukansa wurin shugabar makaranta, Madam Célestin. Ko kujera ba ta nuna masa ba.

"Kada ka ɓata ni da iyaye, Wilner. Manyan baƙi na tafe. In wasan nan ya watse, ka nemi wani aikin."

"Ba ni da bawa ko ɗaya, Madam."

Ta dube shi tun daga takalminsa mai faci har wuyan rigarsa da ya koɗe.

"To kai fa? Ai ba sai an yi maka kwalliya ba."

Da la'asar yara duk suka fito a janar-janar, suka cika dandamali, kowa da takobin katako, har ba wurin juyawa. A tsakiyarsu malamin tarihi ne durƙushe, ba riga, sarƙa a wuya. Ɗan Madam Lafontant, wanda a ƙarshe shi ya ci rigar zinariyar, ya ɗaga igiya ya zuba masa a gadon baya da gaske. Iyaye suka kwashe da dariya, wayoyi a sama. Wilner bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba.

Aka buga ganga, alamar tawaye. Ya miƙe ya tsinke sarƙar kamar yadda aka tsara. Sai ya ɗauki rigarsa ya saka, ya ɓalla maɓallan a tsanake, yana sane sarai aikin ya tafi ke nan. Ya sauko, ya ratsa tsakanin kujeru, ya fice ta babbar ƙofa.

Janar-janar suka yi cirko-cirko, ba wanda za a doka, ba wanda za a 'yanta. Madam Célestin ta daskare a kujera.

Madam Lafontant ce ta fara tafi. Ta ɗauka duk cikin wasan ne.