Ƴar Tsana a Kuncin Ximena

Ranar yanka rosca, burodin bikin da ake ɓoye ƴar tsana a cikinsa, Leobardo ya hau matakalar ofis zuciyarsa kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ximena za ta tafi. Ita ta gina Colibrí, ɗan injin bincikensu na intanet da suke raino a saman wani tsohon gida a Guadalajara, kuma ita yake so tun ba ta riƙe sunansa ba. Wani katafaren kamfani na ƙasar da ke arewa da su ya kira ta aiki. Wa zai ga laifinta? Duk wayar da aka saya, injin katafaren ne zaune a fuskarta, domin shugabansa ya ɗaure masu ƙera waya da yarjejeniya. Colibrí ya fi shi sanin lungunan gari, amma ba mai ganinsa.

Doña Chayo, mai kamfanin, ta ajiye burodin da wuƙa.

"Kowa ya yanka da hannunsa. Wanda ƴar tsanar ciki ta faɗo wa, sayo mana tamales, alalen masarar nan, na wuyansa a watan gobe. Kuma bana kar a haɗiye min ita, Leobardo."

"Haba Doña, sau ɗaya fa!"

"Sau ɗaya aka kama ka."

Ximena ta yanka, ta gatsa, sai taunar ta tsaya. Leobardo kaɗai ya ga kuncinta ya ɗan tasa. Ta ɓoye ta! Ximena ba marowaciya ba ce. Ba ta dai son ɗaukar alkawarin watan da ba zai same ta a nan ba. Burodin ya zama toka a bakinsa.

Wayar Doña Chayo ta yi ƙara. Ta karanta, ta gyara tabarau, ta sake karantawa.

"Ya sauka!"

"Wa?"

"Shugaban katafaren! Kuma wadda aka naɗa a gurbinsa, ita ce ta sha cewa a bar masu ƙera waya su zaɓi injin da suke so."

"Ta faɗa tana ƙasa, Doña," in ji Leobardo. "Kujera tana canja mutum."

"Kai dai bakinka ya sari ɗanyen kashi! To ga masu ƙera wayar nan da ba sa amsa kirana, yanzu suka turo saƙo. Watan gobe suna son ganin Colibrí." Ta juya wajen Ximena. "Ke ƴata, ba ki ce komai ba. Harshen kika haɗiye?"

Idanun Ximena suka ciko.

Leobardo ya ji in bai yi magana yanzu ba, har abada ke nan.

"Ba a buɗe ƙofar ba, Ximena, sakata kawai aka zare. Za su iya dubawa su ce a'a. Amma in za a tura ta, ni da ke nake so mu tura."

Ta dube shi har kunnuwansa suka yi zafi. Sannan ta sa yatsu a baki, ta zaro ƴar tsanar, ta ɗora masa a tafin hannu, jiƙe sharkaf.

Ofis ya kaure da ihu.

"Munafuka!" Doña Chayo tana dariya har da hawaye. "Ashe a kuncinki take!"

"Ni zan sayi tamales ɗin," in ji Ximena tana goge ido. "Kai za ka ɗauko tukunyar. Kuma da sassafe, malalaci, ka san tsawon layin gidan mai sayar da su."