Gambar Turai

Turai ta ture hannun mai gadi ta kutsa harabar kamfanin 'yan Caina masu haƙar dutse a bayan garin Babban Duhu. Mijinta Jinjiri ne ya yi wa injiniyansu jagora cikin dajin Rugu, 'yan bindiga suka kwashe su tare. Injiniya ya dawo tuni, har ya yi ƙiba. Jinjiri kuwa shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Ta tarar da manajan a inuwa, Abdulrashid tafinta na tsaye a gefensa yana ta fadanci.

"Malam Abdulrashid, tambaye shi ina uban 'ya'yana."

Manajan ya yi magana a tausashe, har da murmushi. Murmushin nan ya fi zagi ƙona mata rai.

"Mi ya ce?"

"Ya ce ki yi haƙuri, Inna. Ƙasarsu mai taka-tsantsan ce, ba ta tsoma baki a harkar cikin gidan kowa. Wannan tsakaninku ne da gwamnatinku."

"To nasu mutumin, iska ta maido shi?"



Taka-tsantsan! Bara da katafilarsu ta ratsa gonar Jinjiri ta tuge gambar da ubansa ya dasa a kan iyaka, ko sallama ba su yi ba. Ta tsakiyar geron nan suka fitar da hanyar da tifofinsu ke bi da dutse har yau.

 Turai ta koma gida ta ɗauko fartanya, ta haƙo gamba da saiwarta daga bakin rafi, ta nufi gonar. Ta sari hanyar daga wannan gefe zuwa wancan, ta jera gambar daidai inda take a da, ta taka ƙasa da diddige. Sannan ta zauna a bayanta ta miƙe ƙafa.

Tifa ta farko ta ci burki, na baya suka yi jerin gwano suna ta oda. Abdulrashid ya iso a guje yana haki.

"Inna, mene ne haka? Manaja ya ce ki tashi!"

"Koma ka faɗa mashi," in ji Turai, "daga gambar nan cikin gida ne. Shi ya ce ba su shiga."