Harawar da ke kan gawo

A Gidan Sori ba a barin harawa a ƙasa. Da an gama roron wake, sai manomi ya ɗaure ganyen dami-dami ya ɗora a rassan bishiya, inda akuya ko saniya ba ta kaiwa. Hambali ma haka ya yi, ya jera tasa a kan babban gawon da ke tsakiyar gonarsa. Mutum ne mai alfahari da cewa ba a taɓa yi masa wayo ba.

Kowane rani Gidaɗo Bafillace yakan sauka da shanunsa a gonar nan. Shanu su ci kara, su bar taki. Shekara goma sha shida ke nan suna haka, har matansu sun zama ƙawaye.

A ranin bana sai harawa ta fara raguwa. Hambali ya duba gindin gawon, ya ga sawun kofato, manya. Bai tsaya mamakin girmansu ba. Lissafinsa gajere ne: dabba ba ta hawa bishiya, saboda haka mutum ne ya hau ya zubo wa shanu, kuma mai shanu ɗaya ne a wurin.

Ya kai ƙara gaban mai gari. Gidaɗo ya ce shi bai taɓa harawar kowa ba. Ya ce raƙumin dawa ne, ya gan shi sau biyu da hantsi yana miƙa wuya yana zaro ganyen da harshe. Fada ta kwashe da dariya, don ko tsofaffin garin a bakin kakanninsu suka ji labarin dabbar. Hambali ya fi kowa dariya. Washegari Gidaɗo ya kwashe bukkarsa ya kora shanunsa gabas.

Harawa kuwa ta ci gaba da raguwa.

Ran kwana na biyar Hambali ya je gona da safe, ya tarar da ɓarawon tsaye, kansa a cikin rassa, yana tauna a natse. Ya kalli Hambali daga can sama, ya ci gaba da abin da yake yi. Ma'aikatan gandun daji suka zo da mota suka ce daga dajin Gadabeji ya ɓato, a rani ganyen gawo yake bi, harawar tsintuwa ce kawai. Suka ja kunnen jama'a kada wanda ya jefe shi.

Kunya ta kama Hambali sosai. Ya hau babur har garin Sae Sabuwa, ya sami Gidaɗo ya riga ya sauka a gonar wani. Gidaɗo ya shimfiɗa masa tabarma, matarsa Asta ta kawo nono. Hambali ya nemi gafara, ya roƙe shi ya dawo.

"Malam Hambali," in ji Gidaɗo, "maganata ka tuna, ko ganin raƙumin ka yi?"

"Ganin shi na yi."

"To, idonka ka yarda da shi, ba ni ba. Sha nono."

Hambali ya sha, suka yi sallama da kyau. Raƙumin dawa ya ƙara kwana tara a gonar ya wuce arewa. Gonar ba ta ga taki ba. Da damina ta zo, geron Hambali bai kai kafaɗa ba.