Haladu a Zango na Uku

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ɗanɗanon gishirinsa bai bar bakina ba.

Yayana Haladu na gani a ciki. Shi ɗan wasan besbol ne, wasan da a duk Gusau waɗanda suka iya shi ba su cika motar haya biyu ba. Koci Bulus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya koya mana a filin bayan tasha. Ana jefo maka ƙwallo, ka buge ta da sanda, ka ruga. Akwai zango uku, mu da buhunan siminti cike da yashi muke yin su. In ka taka su duka ka dawo inda ka fara, nan ne gida, ka ci ɗaya ke nan. Haladu ya fi kowa gudu. Wani ya ce masa a Italiya akwai ƙananan ƙungiyoyi masu ɗaukar 'yan wasa, sai ya bi ta Agadas. A kiransa na ƙarshe ya ce sun iso bakin teku. Tun daga ranar, da na buɗe ido nake duba sakamakon ƙananan ƙungiyoyi a waya, wa ya buga, wa ya ci, wa aka fitar, ina bin sunayen da harshena ba ya iya faɗa ko zan ga nasa. Inna kuma takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ka duba?"

A mafarkin sai na gan ni a ofishin da ake ajiye sakamakon wasanni. Awaki ne ke aiki a wurin. Babu kujera, babu tebur, sai tuluna jere har iyakar ganin ido, kowanne da faifai a bakinsa. Wata akuya mai tabarau tana bi da ludayi, tana ɗiba tana kurɓa.

"Wannan biyu da ɗaya ne," in ji ta. "Akwai ɗan tsami. Mai jifan nasu ya gaji tun kafin la'asar."

Wani ɗan taure ya ɗauki maganar a baki ya fita da ita waje da gudu.

Na durƙusa na gaishe ta. "Ranki ya daɗe, yayana nake nema. Haladu, ɗan gidan Malam Ɗanjuma mai gyaran fitila."

"Dogo ne ko mai gudu?"

"Duka biyun."

"To, ba su da yawa."

Ta kai ni can ƙarshen ɗakin, wurin wani ƙaramin tulu da gindinsa ya jiƙe. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta miƙo mini ludayin. Gishiri ne zalla.

"Wannan wasan ba a gama shi ba," in ji ta. "Yayanka yana zango na uku. Mai bugu ake jira."

"Wane ne mai bugun?"

"Wanda ya zo tambaya."

Sai ga ni a kan titi, ana ruwa. Daga ƙasa ruwan yake fitowa yana tafiya sama. Mutane sun kife laima sun tsaya a kanta, mata sun daddanne bakin zannuwansu, gidajen kuwa duk a ƙarƙashinsu aka buga kwano. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne ruwan yana shiga hancina.

Wani jaki ya wuce da lasifika ɗaure a wuyansa, yana shelar wasannin ranar.

"Zabbin Gabas sun ci Laraba da uku da rabi! Mai jifansu ya jefa ƙwallo ta je ta dawo da 'ya'ya. Masu Gyaran Kwano sun yi kunnen doki da inuwarsu. An ɗaga ɗan wasa Tanimu zuwa babbar ƙungiya, har yanzu ba a ga saukowarsa ba. Ƙungiyar Masu Jira tana nan tana jira!"

A gefen titi na ga Koci Bulus zaune a kan taragon jirgi ƙarami kamar akwatin ashana, yana cin goro. Ya fi yadda na san shi tsufa, amma usur ɗinsa na nan a wuya.

"Tasi'u, kai ne sai yanzu? Kullum a makare, kamar jirgin Kaura."

"Koci, ban san ana jirana ba."

"Wa ya taɓa sani?" Ya ɓantari goron, ya jefa ragowar sama. Muka bi shi da ido. Ya wuce kan bishiyar darbejiya, ya wuce shirwa, ya ɓace. "Ka gani? A garin nan abin da ya hau ya hau ke nan. In ka riƙe sanda, ka buga ta ƙasa ƙasa, ta bi ciyawa. Ka ji ni, ɗana?"

"Na ji, Koci."

"Haka kuke cewa."

Sai ga ni a fili. Filinmu ne na bayan tasha, amma an ja shi ya yi tsawo kamar danƙo. Zangon farko yana kusa, wata babbar mota tana tsaye a kansa injinta na aiki, jarkoki rataye a jikinta. Zango na biyu yana can cikin yashi, babu ko inuwar kara. Zango na uku kuwa a bakin wani ruwa yake wanda ba a ganin ƙarshensa, kuma duk da nisan ina ganinsa sarai kamar a tsakar gidanmu.

Haladu yana tsaye a kai, ƙafar dama a kan buhun, ya ɗan sunkuya irin na mai shirin tashi. Rigar ƙungiyarmu ce a jikinsa, wadda Inna ta ɗinke wa hammata da baƙin zare. Wandonsa ya jiƙe har gwiwa, ɗigon ruwa na barinsa yana tafiya sama.

"Kan gwangwani!" ya kira ni. Shi kaɗai yake kirana haka. "Wa ya yi maka wannan askin? Da gatari?"

"Yaya, ka rame."

"Kai kuma ka yi kumatu. Kai kake cinye rabona, ko?"

"Inna ba ta bari. Sai ya kwana take ba kaji."

Ya dubi ƙafarsa da ke kan buhun. "To, yi sauri. Ƙafata ta fara mutuwa."

Da na waiwaya inda ake tsayawa a yi bugu, sai na ga dokin ƙofar gidanmu ne a wurin, shi kaɗai, babu bango. Inna tana zaune a gefensa a kan kujerarta 'yar tsuguno, da kwanon tuwo a rufe a gabanta, tana kore ƙuda da bakin mayafi. Ba ta dube ni ba. Zango na uku take kallo.

Alƙalin wasan bunsuru ne. Tun kafin in gan shi na ji warinsa. Ya miƙo mini taɓarya.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ta daka ce."

"Ƙwallon ma ta san da haka. Jifa uku gare ka. In ka kuskure duka, wasa ya tashi, kowa ya tsaya inda yake."

"Har yaushe?"

Ya dube ni da idon nan nasu mai tsaga a kwance. "Wace irin tambaya ce wannan?"

Mai jifan ya naɗe fuskarsa da rawani, idanunsa kawai ake gani. Daga cikin jarka yake zaro ƙwallon. Ya jefo ta farko. Na tuna da goron Koci, na sassauto taɓarya don in buga ta ƙasa, ta wuce ta samanta. Bunsuru ya yi atishawa, wannan ita ce ɗaya. Ta biyu ta zo a hankali har ina ganin ɗinkinta, ta tsaya a gabana ta dube ni, ta kewaye ni ta wuce. Bunsuru ya sake atishawa.

Saura ɗaya. Tafin hannuna ya jiƙe, gumin yana bin yatsuna yana hawa sama.

Na dubi Haladu, sai na ga ya taɓa kunnensa na hagu, ya shafa ƙirji.

Wannan alamarmu ce. Akwai wani bugu da Koci yake kira sadaka. In ɗan'uwanka yana zango na uku, sai ka ɗaga ƙwallon sama, nesa, da gangan. Abokan hamayya za su cafe ta, kai ka fita ke nan, amma da zarar ta shiga hannunsu shi sai ya ruga gida kafin su jefo ta. Sharaɗin ɗaya ne, ba zai ɗaga ƙafa daga buhun ba sai an cafe. In ya riga, ya ɓata. Ni da Haladu mun sha yin haka. Ni ban iya gudu ba, amma na iya ɗagawa, shi kuma bai taɓa kasa isowa ba. Ranar da muka yi wa yaran Ilorin haka, a wuya ya ɗauke ni har ƙofar gida, alhali shi ya ci.

Na girgiza masa kai. Na nuna masa ruwan da ke tafiya sama.

Ya sake taɓa kunne, ya shafa ƙirji, ya ɗaure fuska irin yadda yake yi in ya aike ni na tsaya kallon faɗa.

Tun ina rarrafe ban taɓa ƙin alamar Yaya ba. Kaina ya san abin da Koci ya faɗa, amma hannuwana ba su halarci wannan zaman ba. Ƙwallon ta zo, suka shiga ƙarƙashinta.

Ban taɓa yin bugu mai kyan wannan ba. Ƙarar ta fito tas, kamar an karya rake a gwiwa. Ƙwallon ta tashi ta nufi tsakiyar fili, daidai inda ake so. Wani dogon mai tsaron baya ya zo ya tsaya a ƙarƙashinta ya buɗe safar hannunsa. Haladu ya ƙara sunkuyawa, ya kafa yatsun ƙafa. Inna ta ɗaga murfin kwano.

Ƙwallon ta ci gaba da hawa. Ta zama kamar ƙwai, ta zama kamar ƙwayar gero. Ta shiga cikin ruwan da ke tafiya, suka tafi tare.

Mai tsaron bayan bai sauke hannu ba. Wata tattabara ta zo ta zauna a cikin safar tasa, ya bar ta.

"Yaya, taho!" na yi ihu. "Ba za ta sauko ba!"

"Ba a barin zango sai an cafe," in ji shi, idonsa a sama. "Kai ma ka sani."

"Babu mai cafewa! Taho kawai, ga gida nan!"

"In zo in ɓata? Bayan duk wannan tafiyar?" Ya yi 'yar dariya. "Amma ka buga, Kan gwangwani. Wallahi ka buga."

Ruwan bayansa ya ɗan matso, ya taɓa buhun, ya koma.

Na yar da taɓarya na nufi wurinsa kai tsaye, in kamo hannunsa ko da ja ne. Bunsuru ya sha gabana.

"Ba a zuwa ta nan."

"Ga shi can ina ganinsa!"

"Kowa yana ganinsa. Mai son zuwa zango na uku ta na farko yake bi." Ya nuna da gemunsa. Motar nan tana tsaye, direban ya danna ham sau ɗaya. Akwai sauran wuri a baya, daidai zaman mutum ɗaya, tsakanin jarkoki.

Na daɗe ina son hawa motar nan, tun kafin mafarkin. Na ɗaga ƙafa.

Sai na ji an riƙe mini idon sawu. Inna ce. Ba ta tashi daga kujerarta ba, ba ta kuma ɗauke ido daga Haladu ba, hannu kawai ta miƙo. Hannun yana da ɗumi, da sauran garin tuwo a jikinsa.

"Kai kuma ina zuwa?"

"In taho da shi, Inna."

"Shi ma cewa ya yi zai je ya taho da wani abu." Ta ƙara damƙewa. "Zauna. Kwano biyu ba zan iya kore wa ƙuda ba."

Direban ya sake danna ham, sannan motar ta tafi da wurin nan babu kowa a ciki. Na zauna a dokin ƙofa kusa da ita. Inna ta mayar da murfin kwano. Mu uku muka ɗaga kai, ni da ita a nan, shi a can.

Akuyar nan mai tabarau ta iso da ludayinta, ta ɗebi ruwan gefen buhun Haladu ta kurɓa, ta raɗa wa jaki a kunne. Jakin ya gyara lasifika.

"Sakamakon yau! Tasi'u ya buga ɗaya, tana sama. Haladu bai ci ba, ba a kuma fitar da shi ba. Yana zango na uku."

"Kan gwangwani," Haladu ya kira, muryarsa ta yi nisa yanzu. "In ta sauko ka yi mini ihu, wuyana ya gaji."

"To, Yaya."

Ina cikin kallon sama sai na ji wani abu ya faɗo. Ɗis. Na zabura zan yi ihun. Ɗis. Ɗis.

Na buɗe ido. Kwanon ɗakinmu ne ke yoyo a cikin bokitin da na tara tun jiya, ruwan yana saukowa ƙasa kamar yadda ya saba. Gari ya waye. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta rufe kanta da buhu.

"Ka duba?"

Wayar tana ƙarƙashin matashi, ban ko taɓa ta ba.

"Yau ba su buga ba, Inna," na ce. "An yi ruwa."

Ta gyaɗa kai, ta dubi bokitin. "To, zubar da wannan kafin ya cika."